Tudun Ƙofar Gidansu Auta

Auta na ɗinki a bakin taga ranar da ta fara ganinsa, durƙushe a gefen titi da hular kwano yana awo. Wata jar mota ta sheƙo a guje yadda ta saba, ya daka tsalle sai cikin kwata. Dariyarta ce ta sa ya ɗago kai, daga nan kuma ya kasa sauke ido.

Ta fito masa da ruwa a buta. Yana wanke ƙafa ya ce mata shi injiniya ne, an turo shi ya yi tudun rage gudu saboda kukan da mutanen layin suka kai. Auta ta san kukan sarai, don iyaye sun daina aiken yara ko shagon tsallake. Kafin kwaltar tudun farko ta bushe, lambarta ta shiga wayarsa.

"Sanyin idona, na gama aiki. Duk motar da ta taka burki a ƙofarku, gaisuwata ce."

"Gaisuwar ta yi yawa, Injiniyana. Baba ya fara tsaki."

Ashe abin ya wuce tsaki. Baba direban motar asibiti ne, kuma ta layin yake yankewa in ya ɗauko mara lafiya. Ya ce duk tudun da ya hau sai ya ji nishin na kwance a baya har cikin ransa. Mai jar motar nan, wanda ya daɗe yana son Auta ba ta kula shi, ya samu abin yi, kullum yana gindin Baba yana zuga shi. Da Injiniya ya zo gaisuwa, Baba bai ko tanka masa da kyau ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: ya sa a kwashe tudun nan kaf, ko ya nemi mata a wani gidan.

Auta na laɓe a bayan labule, tana sauraro.

"Baba, ina son Auta kamar raina," in ji Injiniya, kansa a ƙasa. "Amma ba zan mayar da yaran layin nan bakin taya don in same ta ba."

Ta sha kuka ranar har idonta ya kumbura. Abin haushin, tana kukan tana jin ya ƙara girma a idonta.

Sai Injiniya ya ɗauke ƙafa. Mai jar mota ya kawo labari da zafinsa, wai kullum ana ganin mutumin nata a asibiti yana hira da wata nas. Auta ta ɗauki waya ta tura masa saƙo.

"Na ji labari. Allah ya bar ku tare."

"Kishi ya yi miki kyau, Autata. Gobe da safe leƙo ta taga."

Ashe roƙon nas ɗin ya yi aka kwantar da shi a gadon bayan motar asibiti, wani direba ya bi da shi ta kan tudunsa, ya ji da haƙarƙarinsa abin da Baba ke faɗi. Daga nan ya shiga auna tsakanin tayoyin motar.

Da safe ma'aikata suka fasa kowane tudu, suka sake gina shi gunduwa-gunduwa. Motar asibiti mai faɗi za ta ratsa da tudun a tsakanin tayoyinta, ƙaramar mota kuwa dole ta hau, dole ta taka burki.

Baba ya zo da motarsa fuska a ɗaure. Ya bi layin har ƙarshe, ko girgiza babu. Ya juyo ya sake bi, wai ko idonsa ne. A bayansa jar motar na tafe tana rarrafe, mai ita kamar ya fashe. Baba ya sauko ya daɗe yana kallon titin, sannan ya ce da Mama yaron nan taurin kai gare shi, a gaya masa ya turo manyansa.

Ranar ɗaurin aure layin ya cika maƙil. Da aka kawo su gaban Baba, Auta na sunkuye kusa da angonta. Baba ya dafa kafaɗar Injiniya.

"Ba don gyaran titi na ba ka ita ba. Tun ranar da ka ƙi jin maganata na san wanda ya tsaya wa 'ya'yan wasu ba zai wulaƙanta tawa ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari."

Auta ta ɗago ta dubi mijinta a gaban kowa, ba ta ji kunya ba, ta ce amin.