Jirin da Aka Kira Maye

"Haɗa kayanki, Auta. Gida za ki koma."

Yaya bai ko zauna ba. Yana tsaye a tsakiyar falona da makullin mota a hannu, yana huci. Tun rasuwar Baba shi ne ubanmu, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba.

Na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce abokinsa ya je aski shagon mijina, ya gan shi ya miƙe daga kujera yana tangaɗi har ya buge madubi. Wani kuma ya gan shi a hanya yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Magana ta zagaye unguwa, wai Mai Aski ya fara shan ƙwaya.

"Ƙanwata ba za ta zauna da ɗan maye ba."

Na san gaskiya, amma an ɗaure mini baki. Ciwon suga ne ke damun mijina, ya daɗe a jikinsa har ya taɓa jijiyoyi. Tafin ƙafarsa ya mutu, ba ya jin ƙasa idan ya taka. Likita ta ce jijiyoyin da ke kula da bugun zuciya ma sun taɓu, shi ya sa in ya miƙe da sauri jini ba ya isa kansa da wuri, sai jiri ya kwashe shi. Ranar da muka dawo daga asibiti ya riƙe hannuna, ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Tsoronsa kada mutane su guji shagon, kada kuma dangina su ce na auri majinyaci.

"Yaya, wallahi ba ya shan komai..."

"To me ke damunsa?"

Na sunkuyar da kai.

"Kin gani? So ya rufe miki ido."

Mijina yana ɗaki a lokacin, ya dawo hutun rana ya ɗan kishingiɗa ko takalmi bai cire ba. An koya masa yadda zai riƙa tashi: ya fara zama a bakin gado, ya motsa ƙafafu, sannan ya miƙe a hankali. Amma ya ji muryar surukinsa, kuma shi mutum ne da ba ya barin babba yana jira. Sai ga shi a bakin ƙofa yana gyara riga.

"Yaya, sannu da zu..."

Idanunsa suka juya, ya sulale ƙasa.

"Da rana tsaka ma," in ji Yaya, yana girgiza kai.

Ban kula shi ba. Na durƙusa na gyara masa kwanciya, na ɗora ƙafafunsa a kan kujera kamar yadda aka nuna mini. Da na zare takalminsa na dama, sai na ji safar ta jiƙe sharkaf. Jini ne. Guntun reza ya huda takalmin ya shige tafin ƙafarsa, yana ta takawa a kai bai sani ba.

A nan haƙurina ya ƙare.

"Matso ka duba, Yaya. Matso mana!"

Na faɗa masa komai, tun daga sugan har zuciyar. Na tuna masa cewa shi da kansa ya yabi hankalin mutumin nan kafin ya ba shi ni. Yanzu tafiyarsa ta canza, a cikin masu surutun ba wanda ya tare shi ya ce masa lafiya kuwa, sai suka zauna a bakin titi suka yanke masa hukunci.

Mijina ya buɗe ido a hankali. Ya ji ƙarshen maganar.

"Farin cikina... kin yi mini alkawari."

"Na karya shi, kuma ban yi nadama ba. Kana ɓoye ciwo don kada a tausaya maka, ga shi ana shirin raba ni da kai. Kunyarka ta kusa cinye mana aure."

Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido. Nawa ma suka zubo, amma na haushi ne.

Yaya ya daɗe yana kallon ƙafar. Can ya durƙusa, ya ciro hankicinsa ya naɗe ta a hankali ba tare da ya taɓa rezar ba, ya ce wannan aikin asibiti ne. Mijina ya yunƙura zai tashi ya yi godiya, Yaya ya danne masa kafaɗa.

"Kwanta. Daga yau in na shigo, kada ka sake miƙe mini."

Yaya ne ya goya shi har mota. Na zauna a baya, kan mijina a cinyata. Mun yi nisa kafin Yaya ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Auta, ki yafe mini."

"Ba ni za ka roƙa ba, ga shi nan. Kuma duk kunnen da ya ji ƙaryar, kai za ka kai masa gaskiyar."

"Zan kai."

Mijina ya lalubo hannuna. Riƙon nasa ba ƙarfi, don haka ni na damƙe.