Kurciya da Gadar Sama

A gindin gadar sama ya fara ganinta. Ta durƙushe ta riƙe ƙarfen matakala, gumi na tsiyaya daga goshinta. Ya bar teburinsa na gyaran agogo ya nufo ta da sauri.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Mutuwa zan yi," ta ce da ƙyar. "Zuciyata za ta fashe."

Ya rasa abin yi, sai ya kara mata agogon da ke hannunsa a kunne. "Saurari wannan. Bi shi a hankali."

Ta bi ƙarar har numfashinta ya dawo, ya bar mata agogon. Jikinta na ɓari kamar tsuntsuwar da aka kama, shi ya sa tun ranar ya raɗa mata suna Kurciya.

Tela ce, shagonta na bayan teburinsa. Tun ranar da aka yi turmutsutsu a kan gadar, aka tattake wata mata a gabanta, ba ta sake hawa ba. Titin kuwa an kewaye shi da shinge. Kasuwar yadi, asibiti, gidajen ƙawaye, duk suna tsallake.

Da soyayya ta kankama, Mai Agogo ya zama ƙafafunta. Zare, zif, maɓalli, shi ke hayewa ya kawo.

"Zauna abinki, Kurciyata. Ina amfanina?"

Sai dai duniyarta ƙara tsukewa take yi. Da gada kawai take tsoro, sai ta koma tsoron bakin titi. Daga baya ko ƙofar shago ta leƙa, ƙirjinta sai ya hau bugu.

Da ya kai maganar aure, Ummansa da ke tsallake ta ce sam.

"Yarinyar da na kwanta asibiti ba ta iya zuwa duba ni ba? Gidan da ka kama a nan yake, a ka za ka ɗauko ta? Ga 'yar ƙawata mai kemis, lafiyarta ƙalau."

Ana haka wata tsohuwar nas ta kawo gyaran agogo. Anti Nas ake ce mata, tana tara mata masu irin wannan ciwo a falonta. Ta saurari labarinsa, ba ta tausaya masa ba.

"Ɗana, kai kake kiwon tsoron nan. Duk hayewar da ka yi mata, abinci ka ba shi."

Washegari saƙo ya shigo wayar Kurciya: "Zuciyata, na mayar da teburina tsallake. Ba zan ƙara kawo miki zare ba. Ina jiranki a can."

A can. Inda kemis yake. Ta rubuta: "Na gane. Allah ya ba ku zaman lafiya." Ta kashe wayar ta jefa cikin kwandon ƙyallaye.

Zare ya ƙare. Ƙura ta rufe keken ɗinki. Masu kaya suka zo suka kwashe yadinsu ba ko sallama. Takan zauna ta zuba wa bango ido, tana jin ita kam an gama da ita.

Anti Nas ce ta zo ta ja ta har falonta. Wata ƙatuwar mata ta matsa mata wuri tana dariya.

"Zauna, ƙanwata. Ni da na rantse ni da lifta ta hawa bene sai a lahira. Jiya na hau, ina ihu dai, amma na hau."

Suka fara raka ta. Da farko gindin gada kawai, ta tsaya ta dawo. Sannan ƙafa a kan matakala. Wata rana ta kai rabi, ta yi amai, ta sauko da rarrafe tana kuka.

"Anti, ku bar ni. Ba zan warke ba."

"Wa ya ce ki warke? Cewa muka yi ki tsaya. Tsoron zai hau, zai kuma gaji ya sauka."

Ranar da ta kai tsakiyar gada, abin ya taso mata gaba ɗaya. Motoci na gudu a ƙasa, ta cafki ƙarfen gadar.

"Muna bayanki," in ji Mai Lifta. "Ba mai taɓa ki, ba mai tafiya."

Ta lalubo agogon nan da ya bar mata, ta kara a kunne. Ta tsaya. Ta tsaya. Abin ya sauka.

Ta ƙarasa ta sauka tsallake. A ƙasan matakala teburinsa yake, shi kuwa ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Umma na kan benci, ta zo yi masa maganar mai kemis. Ya miƙe tsaye, sukudireba ta faɗi daga hannunsa.

"Kurciya! Kin ga saƙonnina? Kullum sai na tura."

Ta wuce shi ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Umma, ina wuni. Ya jiki? Na zo dubiya, na makara."

Umma ta dubi gadar, ta dubi yarinyar. Can ta kama hannunta.

"Tashi, 'yata. Jiki ya yi sauƙi."

Aka ɗaura aure, matan falon Anti Nas ne a sahun gaba. Har yau wata rana gadar kan fi ƙarfinta, sai ya tsaya a ƙasa ya jira, ba ya hawa ya ɗauko ta. Umma kuwa duk sanda suka zo gaisuwa addu'arta ɗaya ce:

"Allah ya ƙara wa ƙafar nan ƙarfi, ya yi muku albarka."