Awon Hannun Dogo

"Miƙo hannu ka ɗauka da kanka, Dogo."

Na ajiye kofin a bakin gado na ja baya. Mijina ya dube ni, bakinsa a karkace, gumi na keto masa.

"Tela... ke muguwa ce," ya ce yana 'yar dariya.

Sai ga Inna, mahaifiyarsa, a bakin ƙofa.

"Ruwan ma sai kin ja masa rai? Mutum ɓarin jikinsa ya shanye kina sa shi aiki?"

"Inna, likita ne ya ce a bar shi yana motsawa. In ya kwanta, naman jikinsa zai zube..."

"Likitan ne ya haife shi?"

A ranar 'yan uwansa suka ɗauke shi zuwa gidanta. Yayarsa ta bi dangi tana cewa gajiya na yi da jinya. In na je, sai a ce barci yake. Ban taɓa cewa ba sa sonsa ba. A baki suke ba shi abinci, su juya shi, ko ƙuda ba sa bari ya kora da kansa.

Sai da damina ta wuce Inna ta aiko kirana. Wai rigunansa sun yi masa yawa, in zo in rage.

Ni na ɗinka su duka, na san awonsa da ka. Dogon da ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai a shagon walda. Na ɗauko tef zan auna damtsensa na dama, wanda ciwon bai taɓa ba, sai na ga yatsuna ma sun isa su zagaye shi.

"Kar ki faɗi lambar," ya ce. "Tashe ni, masoyiya. Na manta yadda ƙasa take."

Na kalli Inna. Ta kau da kai.

Na rungumo shi na ɗaga. Kan keken ɗinkina ma ya fi shi nauyi. Ƙafafunsa suka taɓa ƙasa suna rawa, suka lanƙwashe...

"Gobe mu sake," ya raɗa min.

"Ki kwana a nan," in ji Inna a hankali.

Mun sake washegari, mun yi ta sakewa. Amma kwanciyar ta riga ta ci ƙirjinsa, tari ya kama shi. Bai kai ga taka ƙafa ba Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da aka kai shi, Inna ta riƙe hannuna.

"'Yata, mun hutar da shi da yawa."

Na gyara mata mayafi, muka zauna.