Raka'a Huɗu a Hanyar Gabi

"Tsaya! Tsaya ko in hwasa maka kai!"

Mai tuƙin kamiyon bai tsaya ba, Ɗan Baba kuwa ba ya faɗin magana sau biyu. Tau! Gilashi ya tarwatse. Mutumin ya kife a kujerarsa, motar ta yi gurnani ta mutu a tsakiyar hanyar Gabi, ba nisa da Madarunfa, rana tana dukan ƙwaƙwalwa.

Su uku ne. Ɗan Baba shi ne uban tafiya, mai bindigar da ya sayo a ƙetaren iyaka da layu har gwiwar hannu. Idi yana kan gawo yana duban hanya, dawakinsu ɗaure a gindin. Tanko kuwa tuƙi aka ɗauko shi ya yi, don cikinsu shi kaɗai ya iya. Tsohon shofer ne da fari ya cinye masa aiki, ya zo fashi yana gaya wa kansa wai na yau kaɗai ne.

Abin da ke cikin motar ba zinariya ba ne. Irin gero ne, buhu a kan buhu. A wannan shekara ta 1974 mutanen wani ƙauye a yankin Gabi sun cinye nasu irin saboda yunwa, ga damina a bakin ƙofa. In wannan bai isa gare su ba, babu shuka.

Fasinjoji suka watse cikin daji. Wata mata mai suna Barira ta yar da ƙwaryarta ta nufi gari a guje. Tanko ya jawo gawar ya yar a gefe, ya hau ya murɗa makulli. Mota ta tashi. Yana ɗaga kai, sai ya taka birki.

Wani tsoho ne tsaye a gaban motar. Malam Shu'aibu ke nan, limamin ƙauyen, wanda ya rako irin. Siriri ne kamar karan dawa. Hanyar kuwa ƙunci gare ta, dama da hagu yashi ne mai haɗiye taya.

"Kauce, tsoho!" Ɗan Baba ya daka masa tsawa.

"Amana ce aka ba ni, ɗana," in ji tsohon. "Ƙarhin hana ka, ban da shi. Amma azahar ta yi."

Ya buga tafukansa a ƙasa ya yi taimama. Ya fuskanci gabas ya kabbara.

Ɗan Baba ya ɗaga bindiga, ya sauke. Tanko ya san dalili. Bokan da ya ɗaura masa layun ya kafa masa sharaɗi guda, kada ya taɓa mai salla, in ya taɓa ƙarfe zai ci shi.

"Bar shi," in ji Ɗan Baba yana dariyar yaƙe. "Matahiyi ne, ƙasaru za ya yi. Raka'a biyu, mu wuce."

Can baya Barira ta faɗa gaban motar jandarma da ke sintiri, ƙafafunta duk ƙaya. "Sun kashe shofer! Hanyar Gabi! Ku yi sauri, don Allah!" Kumandan bai tsaya tambaya ba, motar ta juya da ƙara.

Raka'a ta biyu ta ƙare. Tsoho ya zauna tahiya. Ɗan Baba ya ɗora ƙafa a matakin mota, sai ga malam ya miƙe ya sake kabbara!

Ɗan fashin da ya san ranar kowace kasuwa daga Ɗan Issa har Maraɗi bai san tafiyar Madarunfa zuwa Gabi ba ta kai a rage salla ba.

"Ƙura!" Idi ya yi ihu daga kan gawo. "Mota tahe daga gari!"

"Taka shi, Tanko!" in ji Ɗan Baba.

"Salla yaka yi."

"Ni aka hana ma, ba kai ba! Taka shi!"

Tanko ya dubi bayan tsohon. Rigar ta jiƙe da gumi, amma ko gezau. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Shi da ke da mota a ƙarƙashinsa jikinsa ke ɓari, wanda ba ya da komai sai Ubangijinsa yana ruku'u a natse.

"Ban iyawa," ya ce.

Ɗan Baba ya zagi uwar Tanko, ya juya kan tsohon. Tau!

Harsashin ya shiga bayan tsohon ya jefa shi ƙasa. Jini ya malala cikin yashi. Tanko ya runtse ido. Da ya buɗe, sai ya ga malam ya dafa ƙasa, ya ja jiki ya zauna yana fuskantar gabas. Leɓunansa na motsi. Ya ci gaba daga inda aka tsayar da shi.

Tanko ya kashe mota. Ya zare makulli ya wurga shi cikin sarƙaƙiya iya ƙarfinsa.

"Mi ka yi? Ɗan banza, mi ka yi?"

Tau! Wannan a cikin Tanko ya sauka. Ya faɗo daga mota yana riƙe da hanjinsa.

Idi ya diro, ya haye doki, ya ja na biyun ya bar ubangidansa a ƙasa. Jandarma suka iso suna dirowa. "Aje bindiga!" Ɗan Baba ya buɗe ƙirji, ya girgiza layunsa ya yi kansu yana ihu. Ko ya manta da sharaɗin ne, ko ya ɗauka boka zai yi masa rangwame, Allah kaɗai Ya sani. Harsashi biyar suka same shi, babu wanda ya kauce.

Kumandan ya durƙusa kan Tanko. "Ina na ukunku ya nuhwa?"

Tanko bai ji tambayar ba. Idonsa na neman gaban mota.

"Tsohon… ya ida sallar?"

Kumandan ya waiwaya. Malam Shu'aibu na kwance a gefen dama, yatsansa na tahiya a miƙe.

"Ya ida. Da kunnena na ji sallamarshi."

Tanko ya saki cikinsa, rai ya yi halinsa.

Gawa huɗu aka kwasa a wurin. Idi kuwa a Ɗan Issa aka kama shi yana cinikin dawakin. Sai da la'asar sakaliya Barira ta tsinto makullin cikin ƙaya, aka samo wani shofer daga gari. Kwana tara bayan haka ruwan shuka ya sauka. Mutanen ƙauyen suka fita gona da irin, suka dawo masallaci da azahar suka tsaya suna duban juna, an rasa wanda zai shige gaba.