Wa Ya Farfasa Dutsen Saljukawa?

Da hantsi Sufeto Tülay Karaman ta iso gidan tarihi na Konya. Ta tarar da Dakta Gülten durƙushe tana tsince gutsattsarin dutse, idanunta jajir. Gülten ce ta tono shi a wani ƙauye, ɗauke da rubutun zamanin tsohuwar daular Saljukawa, kuma yau za ta karanta shi a taron masana.

"Me aka rubuta a jiki?" in ji Sufeto.

"Yadda Sarki ya ba wani jarumi ƙasa. Layin ƙarshe ne ban karanta ba. Jiya na jiƙa shi don taɓon da ya rufe shi ya saki."

Sufeto ta duba. Saman dutsen lafiya lau, layin ƙarshe kaɗai aka yi wa ruwan guduma. Ta sa aka rufe ɗakin, ta hana a faɗi inda aka fasa.

Ban da Gülten, mutum biyu ke da makulli, kuma ba sa ga maciji. Farfesa Haldun na cewa manoman wancan zamani bayin ƙasa ne a hannun masu gadon filaye. Farfesa Rasim, malamin Gülten, na cewa ƙasa ta Sarki ce, aronta ake ba jarumi, manomi kuwa ɗa ne, ba bawa ba.

"Ina gida tun asuba," in ji Haldun, da Sufeto ta tambaye shi.

"An ga motarka a bakin ƙofa."

Ya ɓata fuska. "To, na zo in leƙa! Girman kai ya hana ni shiga. Na ji bugun guduma, na ɗauka magina ne."

Sufeto ta sami Rasim a ofishinsa yana kurɓar shayi da hagu, damansa a aljihu.

"Haldun ne, 'yata," ya ce. "Tsoron layin ƙarshe ya sa shi wannan ta'asa."

"Malam, wa ya ce maka layin ƙarshe aka fasa?"

Ya ƙara cusa damansa cikin aljihu.

"Fito da hannunka."

Babban yatsan ya kumbura, farcen ya yi baƙi ƙirin. Guduma ta kuskure dutse.

Ya sunkuyar da kai. "Da sassafe na goge taɓon, na karanta. An ba jarumin nan ƙasar, shi da zuriyarsa, har da mutanen da ke cikinta. Haldun ya yi gaskiya. Duk littattafaina sun zama takardar ƙunshe burodi."

Zuciyar Sufeto ta tafasa. Jikar manomi ce ita ma.

"An kyautar da mutane kamar tumaki," ta ce, "layi ɗaya ya rage yana ba da shaidarsu, ka rushe shi don kada a ce ka yi kuskure! Sannan ka shafa wa wani kashin kaji!"

Gülten na tsaye bakin ƙofa, ta ji komai.

"Malam, ashe kai ne?" ta ce.

Bai iya ɗaga ido ba. Da ankwa ta shiga hannunsa, ya ce a hankali, "Don Allah, 'yata, mu bi ta ƙofar baya."

"Ta gaba za mu bi," in ji Sufeto.

Ta tasa shi ta tsakiyar zauren taro, masana cike da kujeru suna jiran a fara.