Lemon Tuffa a Kofin Giya

A wajen liyafar kamfaninsu ya fara ganin ta, tana tsaye bayan teburin lemo tana goge kofuna. Shi jami'in talla ne a kamfanin sayar da tayil, ita kuwa ma'aikaciyar masu kawo abinci ce. Ya matso yana waige-waige kamar mai shirin sata.

"Don Allah zuba min lemon tuffa a nan," ya ce, yana miƙa mata dogon kofin giya.

"Ga kofunan lemo nan fa, malam."

"A wannan nake so, kalarsu ɗaya. In oga ya gan shi a hannuna ba zai matsa min ba."

Ta zuba, ta kalle shi ta gefen ido. "Wato ba ka sha, amma kunya kake ji a sani?"

Dariya ya yi. Bawan Allah, da ya san inda tambayar nan za ta kai shi da bai yi dariya ba.

Kafin a tashi ya karɓi lambarta. Ya raɗa mata suna Mai Lemo, ita kuma ta ce shi Ɗan Kwat ne. Soyayya ta kama su ba wasa.

"Mai Lemona, yau ma an yi taro. Wata ce ta zuba min, ko daɗi bai yi ba."

"Allah ya shirye ka, Ɗan Kwat. Ranar da ka ce musu a'a da bakinka, ni zan zuba maka har ka ƙoshi."

Ana cikin maganar turo manya sai wani abokin aikinsa, wanda ya taɓa neman ta ta ƙi shi, ya tura wa mahaifinta hoto: ga Ɗan Kwat tsakiyar mashaya, kofi a sama, baki har kunne.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya kira 'yarsa.

"Ƙanena da haka ya fara, da kofi ɗaya a cikin abokai. Ni na ɗauko gawarsa a bakin titi."

"Baba, wallahi lemo ne. Ni na zuba masa da hannuna."

"Na yarda da ke, kuma shi ya fi damuna. Mutumin da ya kasa cewa a'a a kan kofi, ranar da aka taso ki a gaba da wane baki zai kare ki? Ya je ya faɗa musu a fili, sannan ya zo."

Abu mai sauƙi, amma gogan naka ya dinga jan ƙafa.

"Ki ƙara haƙuri, Mai Lemona. Ana shirin ƙara min girma. Oga ba ya sakin jiki da wanda ba ya taya shi sha."

Ta yi haƙurin. Watanni suka yi ta wucewa, ƙarin girma bai zo ba, ciwon ƙirjin Baba kuwa kullum gaba yake yi. Wata rana da hantsi saƙonta ya shigo.

"Baba na asibiti. Ya tambaye ni ko ka faɗa musu."

Ranar suna da cin abincin rana da manyan kwastomomi. Da oga ya ɗaga kofi, Ɗan Kwat ya ajiye nasa.

"Yallaɓai, ni ban taɓa shan giya ba. Duk abin da kuke gani a hannuna lemo ne. A ba ni ruwa."

Oga ya ɗaga kafaɗa. "To me ya hana ka faɗa tuntuni? A kawo masa ruwa."

Shi ke nan fa. Wani kwastoma ma ya ce a haɗa da shi, dama likita ya hana shi. Aka ci gaba da hirar tayil. Ɗan Kwat ya zauna yana kallon ruwan. Ashe a kan wannan ya ɓata musu lokaci.

Ya iske Baba kwance, an sa masa robar numfashi. Ya durƙusa gefen gadon ya faɗa masa komai.

Baba ya lalubo hannunsa ya riƙe. "Ka makara, ɗana, amma ka zo. Na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka."

Baba bai ga bikin ba, kafin ranar Allah ya yi masa rasuwa.

Ranar auren 'yan ofis suka cika wuri, har da oga, kowa da kwalbar lemonsa, ana ta raha. Amarya ta ɗauko ƙaramin kofin roba, ta cika shi da lemon tuffa, ta miƙa wa angonta.

"Na cika alkawari, Ɗan Kwat."

Ya karɓa da hannu biyu. Idonsa na kan kujerar da aka bari a gaba, wadda babu wanda ya yarda ya zauna a kai.

"Kalma ɗaya ce fa, Mai Lemona," ya ce. "Da na faɗe ta da wuri, da yana nan zaune."

Ta share masa hawaye da gefen mayafinta, nata na zuba. "Sha, mijina. Ya riga ya sa mana albarka."

Ya ɗaga kofin sama, yadda kowa zai ga abin da ke ciki, sannan ya sha.