Takin Akuya a Akwatin Kifi

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, an ba makarantar su Bahijja hutun mako guda. A ajinsu akwai wani ɗan akwatin gilashi, da ƙananan kifaye huɗu, da tsiron ruwa mai koren ganye. Kowa a ajin yana ji da su.

"Wa zai riƙe mana su a hutun nan?" in ji Malam Ashafa.

Bahijja ta yi wuf ta ɗaga hannu. "Ni, Malam! Ai a gidanmu shuka gado ce."

Bahijja ke nan, komai ta iya, amma a baki.

Malam ya kai akwatin gidansu a unguwar Zaitawa da kansa. Ya ce, "Ki bar shi a inuwa. Abinci kaɗan-kaɗan. In kin ga wani abu, ga gidana nan bayan masallaci."

Bayan kwana biyu, sai ta ga ganyen ƙasa sun yi rawaya. Ta nuna wa Umma.

Umma ta ce, "Je ki tambayi Malam mana."

"Haba Umma! Don ya ce na kasa?"

Sai ta tuna yadda kakarta, Iya Asibi, ke kula da lallen da ta shuka a fasasshen tulu: taki da rana. Ta je turken akuya, ta ɗebo taki cike da hannu, ta zuba a ruwan. Ta janyo akwatin tsakar gida, inda rana ke dukansa tun hantsi.

Iya Asibi ta leƙo. "Ke 'yar nan, kifi kike kiwo ko noma kike yi?"

"Iya, wannan harkar boko ce, ba za ki gane ba."

Kwana uku, ruwan ya koma kore shar kamar kududdufi. Gansakuka ta lulluɓe gilashin da ganyen. Wari ya tashi. Kifaye biyu suna saman ruwa, ciki a sama.

Bahijja ta fashe da kuka. Umma ba ta rarrashe ta ba.

"Kukan me kuma? Ɗauki mayafinki, ki kira shi."

Malam ya zo, ya daɗe yana kallon akwatin. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Waɗanne ganye ne suka fara rawaya?"

"Na ƙasa, Malam."

"Na saman fa?"

"Kore suke."

"To, ba ciwo ba ne. Tsofaffin ganye ne, tsinke su kawai ake yi. Kashin kifin nan ya ishi tsiron taki. Ke gansakuka kika ciyar da rana da taki, ruwan ya ɓaci, kifaye suka rasa numfashi."

Suka kwashe biyun da suka rage a kwano. Bahijja ta wanke gilashin, ta goge ganye ɗai-ɗai, hawaye na zuba.

Ranar da aka koma makaranta ta fi kowace ɗaci. Ta tsaya gaban aji, ta faɗi abin da ta yi.

Ƙawarta Jamila ta ce, "Har da jan nan da nake so?"

Bahijja ta gyaɗa kai. Ranar ita kaɗai ta ci abincinta a lokacin hutun tara.

Makonni suka wuce, tsiron ya yi sabon toho. Wata safiya Bahijja ta hango wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a tsakanin ganye. Ta zaci datti ne. Har ta ɗauki kofi za ta kwashe, sai ta ajiye.

"Malam, don Allah zo ka duba. Mene ne wannan?"

Malam ya sunkuya, ya yi murmushi. "'Ya'yan kifi ne. Guda bakwai!"

Aji ya kaure da murna. Jamila ta rungume ta.

Malam ya ce, "Kun gani ko? Kafin ka yi magani, ka san ciwon. In ba ka sani ba, ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata."